Wifin Gidan Gwaggo

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba", duk na gan ku, har da wadda ta ce in na sake yin shiru za ta zo Adjamé ta nemo gidanmu. Ki zo, akwai wanke-wanke. Ga naku.

*

"Kin cire?"

Mika'ilu ne a waya, daga rumfarsa ta albasa a kasuwar Adjamé. A bayansa masu amalanke na ta neman a ba su hanya, amma shi muryarsa a dakushe take, ta mutumin da ya yi kuka ya wanke fuska.

"Na cire," in ji matarsa Haulatu.

"Wacce?"

"Baƙar igiyar da ta hau rufi. Ta gidan Gwaggo."

"Namu fa?"

"Namu yana nan. Da shi nake jin mutanen gida na Madawa, tun ɗazu kira ke shigowa."

"Bar shi. Amma waccan kada ki mayar, ko wa ya roƙe ki. Baba Alhaji ya taso daga Bassam. Zai sauka tashar Gare de Bassam, ya biya gidansa a Treichville ya ɗauko liman da likitan da ke duba ta. Ya ce kowa ya kama bakinsa sai ya iso."

"In ta tambaye ni fa?"

"Ki ce rezo ne, sabis ya ɗauke."

"Gwaggo ce fa, Abban Huda."

"Na sani. Ki yi ƙoƙari."

Ya kashe.

Da asubar nan ne kamiyon albasa ya kife a hanyar arewa, bayan Ferke. Direbansa, Shamsuddin, ɗan Gwaggo Tsahara na fari, ko shurawa bai yi ba. Abokin tafiyarsa Saminu ya fito da karayar hannu, kuma cikin ruɗewa ya ɗauki wayar mamacin, ya ga suna na sama an rubuta "Inna", ya danna ya aika saƙon murya. Sai da hankali ya dawo masa ya kira Mika'ilu. Kafin a ce masa ya goge, wayar ta shiga hannun jandarmomi. Saƙon yana nan a rataye, jira kawai yake wayar Gwaggo ta ga rezo.

Abin da ya cece su ɗabi'ar tsohuwar ce. Wani ya taɓa gaya mata kwana kusa da waya a kunne yana tayar da tansiyon, wato hawan jini, tun daga nan da an yi isha'i take kashe ta, ba ta kunnawa sai ta gama lazimi rana ta fito. Layin da ke ciki kuwa na Nijar ne, ya daɗe da daina aiki. Duk labarin duniya da ke isa wurin Gwaggo, ta wifin gidan Haulatu yake bi.

Gidajen biyu suna kallon juna a wani lungu na Saint-Michel, kwata ce da 'yar hanya tsakaninsu. Bayan da Mika'ilu ya sa aka jawo masa intanet, Shamsuddin ne ya sayo wani farin faranti a kasuwar wayoyi, ya hau rufin kwanon gidan Haulatu da kansa, ya ɗaure shi a jikin ƙarfe. Ya yi ta juya shi yana tambayar ƙanwarsa Lailatu daga ƙasa ko rezo ya cika, har ya saita shi daidai tagar uwarsa. Ya sauko da tsatsa a gwiwar wando yana dariya, ya ce yanzu ko a Galmi ya yi tari Inna za ta ji.

Gwaggo Tsahara ƙanwar mahaifin Mika'ilu ce, ita ta yi goyonsa. Bara jini ya hau mata, ɓari guda ya so ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti a Treichville, a falon Haulatu ta yi jinya, saboda Lailatu na fita aiki. A nan ta koyi danna vokal, wato saƙon murya. Da ƙafa ta soma ɗauka ta koma ɗakinta, kuma tun daga lokacin ba ta sake tsallaka kwatar nan ba. Likita ya ce a kiyaye ta da gishiri da mummunan labari.

Ko ba don likita ba, a dangin nan ba a jefa wa uwa mutuwar ɗa ta waya. Babba ne ke zuwa, a zauna, a yi gaisuwa mai tsawo, a ce jiki ne ya yi tsanani, a bar ta ta ƙarasa maganar da kanta. Babban kuwa shi ne yayanta, Alhaji Abdulra'uf, ga shi kuma a bayan gadar Treichville.

"Matar Mika."

Haulatu ta goge fuska da gefen mayafi, ta leƙa taga. Can a ɗaya tagar, Gwaggo ta ɗaga labule da kan sandarta.

"Na'am, Gwaggo. Ina kwana?"

"Lahiya lau. Abin nan naku ya kwana lahiya kuwa?"

"Wane abu?"

"Wihi."

"Me ya yi?"

"Na kunna salula, babu komi. Ko 'yar ƙarar nan ba ta yi ba."

"Rezo ne, Gwaggo. Tun safe yake wasa."

"Ke kuma da wa kike magana yanzun nan? Na ji muryarki."

"Wannan kiran layi ne."

"Uhm."

Tsohuwar ta juya wayar a hannu.

"Wa'azi nike son ji," ta ce.

Wa'azi kam tana ji, amma ba da hantsi ba, kuma duk lungun ya san haka. Kullum war haka vokal ɗin Shamsuddin take saurare, ya gaya mata garin da suka kwana da abin da ya ci. Takan maimaita shi, sannan ta dubi duk wanda ke kusa ta ce mutumin nan surutu gare shi. Ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yarda a gan ta tana ɗokinsa. "Mai mota" take ce masa, kamar wani baƙon da ya taɓa rage mata hanya.

"Kashe ta, Gwaggo, ki bar ta ta huta," in ji Haulatu. "An jima sai ki sake kunnawa. Wani lokaci haka take so."

"Salula ma ta koyi son hutu."

"Haka suke."

"To. Na kashe."

Labule ya sauka. Haulatu ta ji daɗin dabarar nan tata, har ta ɗan yaba wa kanta.

*

A uwar ɗaka, Lailatu tana zaune a ƙasa, ta jingina da gado. Da kayan aiki ta fito daga gida, ta yi wa uwarta sallamar tafiya shagon ɗinki a Treichville, Mika'ilu ya tare ta a bakin lungu ya gaya mata. Tun daga nan take ɓoye a ɗakin nan, fuskarta a cikin filo don kada kukan ya tsallaka kwata. A Abidjan aka haife ta, in rai ya ɓaci Faransanci ke riga Hausa fita.

"Tanti, c'est pas bon. Bai kyautu ba."

"Yi a hankali, taga a buɗe take."

"Na ji abin da kika ce mata. Rezo."

"To me zan ce?"

"Maman tana can ita kaɗai tana jiran vokal ɗinsa. Mu muna nan mun sani. On la trompe, Tanti. Yaudara ce."

"Ba yaudara ba ce. Jira ne."

"Mene ne bambancin?"

"Likita ne bambancin."

Lailatu ta miƙo mata waya.

"Dubi. 'Yan Madawa duk sun sa hotonsa a status. Abokansa direbobi sun sa. Har mai gyaran taya na tasha ya sa. Kowa ya sani sai wadda ta haife shi."

"Shi ya sa aka cire igiyar."

"Ɗanta ne. Ita ya kamata ta fara ji."

"In kin faɗa mata ta faɗi, ke za ki ɗaga ta?"

Lailatu ta kifa wayar a kan gado.

"Kin manta bara? Kin manta yadda bakinta ya karkace a taksi?"

"Ban manta ba."

"To ki zauna. Baba Alhaji na hanya."

"In ta gane daga baya mun ɓoye mata, ba za ta yafe ba."

"Ta rayu tukuna, sai ta ƙi yafewa."

Yarinyar ta mayar da fuska cikin filo. Haulatu ta jawo ƙofa, ta koma kicin ta ɗora tukunya, ba don akwai mai ci ba, sai don a ji ƙamshin girki daga tsallake a ɗauka gidan lafiya yake.

Rana ta take. Mika'ilu ya sake kira.

"Sun baro Treichville, amma gada ta cushe. Ba gaba, ba baya."

"Kai fa?"

"Ina neman motar da za ta kai mu Ferke. Ta sake magana?"

"Na ce ta kashe wayar."

"Kin kyauta."

Tana ajiye wayar ta ji ƙarar. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Sanda ce a kan siminti, kuma a tsakar gidanta.

*

Gwaggo Tsahara ce tsaye cikin rana, ta yafa farin mayafi, gumi na bin wuyanta. Mai sayar da aceke, dambun rogo, ta bakin lungu, wadda ta kamo hannunta ta tsallakar da ita kwata, tana komawa kan tirenta.

"Gwaggo. Da ƙafarki?"

"Da ta wa zan zo?"

"Ai da kin kira ni."

"Na kira, kin ce rezo."

Babu yadda za a bar babba a tsaye cikin rana. Haulatu ta kama ta, ta shigar da ita falo, ta zaunar da ita a doguwar kujerar da ta yi jinya a kai. Ta kunna fanka, ta kawo ruwa, ta durƙusa. Da gefen ido ta tabbatar ƙofar uwar ɗaka a rufe take.

Gwaggo ba ta taɓa ruwan ba. Sai da numfashinta ya daidaita ta ɗaga sanda, ta nuna saman kabad ɗin kwanuka, inda akwatin wifi yake zaune a kan farin leshi.

"Waccan hitilar mi ce ce?"

"Ta akwatin ce."

"Tana ci?"

"Tana ci."

"Awo. Akwai irinta jikin farantin da ke bisa ruhi, 'yar ƙarama, koriya. Daga tagata nike ganinta kullum. Mai mota ya ce mini in dai tana ci, to komi lahiya. Yau ba ta ci."

Sandar ta sauka a hankali, ta tsaya kan baƙar igiyar da ke reto a jikin bango, bakinta ba ya cikin komai.

"Wagga kuma rezo ne ya hidda ta?"

Haulatu ta sunkuyar da kai. Ciwon bara ya taɓa wa Gwaggo ƙafa da hannu, ido kam bai taɓa shi ba.

"Ni na cire, Gwaggo."

"Na sani. Dalili nike tambaya."

Dalilai biyu ne a gabanta. Ɗaya gaskiya ne, yana iya kayar da tsohuwar a kan kujerar nan. Ɗayan ƙarya ne, kuma mutuncinta zai ci a idon matar da ta ɗauke ta 'ya tun ranar da aka kawo ta. Ba ta daɗe tana zaɓe ba.

"Ya yi nauyi ne."

"Mi ya yi nauyi?"

"Koneksiyon. In gida biyu suna kai, ba ya tafiya. Huda tana da karatu, in ta buɗe sai ya yi ta juyi."

"Huda tana lakwal yanzu, ba a tashi makaranta ba."

"Ni ma ina da abubuwan yi."

"Ke."

"Eh."

Gwaggo ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa.

"Na ji ki ranar nan, kina ce ma Lailatu ta rage kallon fim, wai ta cinye muku wihi. Na ɗauka wasa ne tsakaninku."

"Ba wasa ba ne," in ji Haulatu, alhali wasa ne, har dariya suka yi a ranar.

"Ashe."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙurin mi? Kayanku ne. Mu an ɗan ɗiga muna ne."

"Ba haka ba ne, Gwaggo."

"To yaya ne? Ni na goyi mijinki a bayan nan. Ban taɓa hwaɗi ba, yau kin sa na hwaɗi. A kujerar ga na kwanta, ke kinka wanke ni, ke kinka ba ni abinci a baki. Na ce ma mutane Allah ya ba ni ɗiya a Abijan. Ashe iskar da ba a gani ita ce za ki yi mini rowa da ita."

Hawaye suka zubo wa Haulatu. Tun asuba take riƙe da su, sai yanzu suka sami ƙofa. Gwaggo ta dube ta, ta ɗauka kunya ce ta kama ta, kuma kamar yadda ta saba, da ta ga hawaye sai faɗan ya ƙare mata.

"Bar kuka. Ba tsine miki na zo yi ba."

"Na sani."

"Matso."

Ta matsa. Tsohuwar ta rage murya, ta waiga kamar akwai mai jinsu.

"Ba wa'azi ba ne."

Haulatu ba ta ɗago ba.

"Mai mota ne. Shekaranjiya ya ce yau shike sa ran shigowa. Jiya har na kashe salula ban ji shi ba. Na tashi yau gabana yana hwaɗuwa, na yi lazimi ban san abin da na karanta ba. Kin san ba halina ba ne in tambayi labarinshi."

"Na sani, Gwaggo."

"To mayar mini da igiyar ga, kaɗan. In ji ya ce sun wuce Buwake, shi ke nan. Ki sake hidda ta, har abada in kin so. Ba ni ƙara magana."

A rayuwarta Haulatu ba ta taɓa jin Gwaggo Tsahara ta roƙi kowa komai ba. Ko a gadon asibiti umarni take bayarwa. Igiyar tana nan kusa da kafaɗarta, miƙa hannu kawai za ta yi.

"Ba zan iya ba."

"Ba ki iya ba, ko ba ki so?"

"Abban Huda ya ce kada a mayar."

"Mika?"

"Eh."

"Mika da bakinshi?"

"Sai ya dawo za a duba. An jima kaɗan, Gwaggo. Don Allah ki jira an jima kaɗan."

Tsohuwar ta janye hannunta daga kafaɗar Haulatu. Ta gyara mayafi, ta gyara zama, fuskarta ta koma irin wadda take yi wa baƙi.

"To. Allah shi ba da lada. Na tashi."

"Ki huta tukuna. Rana ta yi zafi, ga abinci a wuta."

"Na ƙoshi."

"Ko ruwan ki sha."

"Akwai ruwa gidana."

Ta laluba bakin zani, ta kwance ƙulli, ta fito da wayar.

"Kin ce in bar ta ta huta. Ta huta. Bari in kunna ta gabanki, kada a ce tsohuwa ce ba ta iya ba. In ba ta yi ba in jehwa ta akwati, kowa shi huta."

Ta danna gefen wayar da babban yatsa, ta riƙe. Fuskar wayar ta yi haske.

Haulatu ba ta damu ba. Igiyar farantin ga ta nan tana reto, kore bai ci ba a kan rufi. Har ta miƙe za ta rage wutar tukunya.

A bakin ƙofar kicin ta tsaya.

Kujerar nan. Bara, ranar da aka sallamo Gwaggo, tun ba a san za a sayi wani faranti ba. Tsohuwar na kwance, Shamsuddin yana Galmi yana neman ya ji muryarta. Ita Haulatu da yatsunta ta karɓi wayar nan, ta nemo sunan akwatin falonta, ta sa mata kod, lambar sirrin shiga. Ba wanda ya goge shi. Me zai sa a goge, tunda Gwaggo ba ta tsallaka kwata?

Ta juyo. Akwatin yana saman kabad, fitilarsa koriya shar. Filoginsa kuwa yana can bayan kabad ɗin, inda Mika'ilu ya ɓoye shi don kada yara su taɓa.

"Gwaggo, kawo in duba miki."

"Bari ta gama tashi."

"Kawo dai."

"Mi kike sauri?"

Haulatu ta nufi kabad. Gudu zai tona ta, tafiya kuma ba za ta kai ta ba, sai ta yi wani abu tsakanin biyun. Ta sa kafaɗa ta tura. Kwanukan aurenta suka ɗauki kaɗawa, murfi ɗaya ya faɗo ya yi ta juyi a kan tayil. Ta cusa hannu a bayan katakon har hammata, tana lalube, yanar gizo-gizo na manne mata a yatsu.

Ting.

Ting. Ting. Ting-ting-ting.

Saƙonni suka yi ta zubowa kamar an buɗe famfo. Sai da suka tsagaita yatsunta suka kama filogin. Ta fizge. Fitilar ta mutu, amma abin da ya shiga ya riga ya shiga.

Da ta juyo, Gwaggo murmushi take yi.

"Ashe gyarawa kinka tahi yi."

"Gwaggo..."

"Allah shi yi miki albarka. Na san ba halinki ba ne. Abin da na hwaɗi ɗazu, ki yahe mini, zahin rai ne."

"Gwaggo, ba ni wayar. Saƙonnin sun yi yawa, bari in tace miki."

"Ina ruwana da nasu? Ga hotonshi nan, da jar hula. Wanga na iya shi, ke kinka koya mini."

A gidan da Haulatu ta tashi, ba a fizgar abu daga hannun babba. Ta zube a gabanta, ta miƙa hannu biyu kamar mai karɓar sadaka. Gwaggo ta kawar da wayar gefe, ta danna.

Muryarsa ta cika falon, da ƙugin inji a bayanta.

"Inna, ina wuni. Kin yi barci na sani, da sahe kya ji. Mun wuce iyaka lahiya, za mu ɗan miƙe baya mu tashi da asuba. Na riƙo miki cuku da kilishi, amma kilishin kada likita shi ji. Ki ce ma Haulatu gobe gidanta zan ci na dare, ta sa yaji da yawa. Ki sha maganinki, Inna. Sai na iso."

Gwaggo ta taɓe baki, idonta na ƙyalli.

"Kin ji shi ko. Surutu gare shi."

Haulatu ta buɗe baki. Amma vokal in sun jeru ba sa jiran a danna, ɗaya na ƙarewa na biye ke tashi. Wayar ta yi 'yar ƙara, wata murya ta shigo, ba tasa ba. Babu inji a bayanta, sai hayaniyar mutane da wani yana ta salati.

"Inna... Inna, ni ne Saminu, wanda muke tafiya da Shamsu. Inna, mota ta... innalillahi wa inna ilaihi..."

Haulatu ta kifa tafin hannunta a kan wayar. Muryar ta tsaya.

Ba wanda ya yi motsi. Fanka na juyawa, tukunya na tafasa a kicin. Hannun Haulatu yana kan wayar, wayar tana cikin hannun Gwaggo, kuma ta cikin tafinta tana jin yatsun tsohuwar sun yi sanyi.

Ƙofar uwar ɗaka ta buɗe. Lailatu ce, da kayan aikin da ta fita da su da safe, idanunta sun kumbura sun yi ja. Muryar yayanta ce ta fito da ita, ba ta ma san ta fito ba.

Gwaggo ta dubi 'yarta, wadda ya kamata a ce tana Treichville. Ta dubi baƙar igiyar da ke reto a bango. Sannan ta sauke ido a kan Haulatu, ta daɗe tana kallonta.

"Koneksiyon ya yi nauyi," ta ce a hankali.

"Gwaggo, Baba Alhaji yana hanya. Yana kan gada. Don girman Allah ki jira shi."

"Yaya Alhaji. Da rana tsaka."

"Yanzu zai iso."

"Haulatu."

"Na'am."

"Ina Shamsuddin?"

Tunda aka kawo Haulatu dangin nan, ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba. Lailatu ma, da aka haifa a ɗakin, ba ta taɓa ji ba. 

Tsohuwar ta gyara riƙon wayar.

"To ɗauke hannunki, in ji sauran."